Kura da Barcin Rani Irin na Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu sha dariya!

Rani ya tsananta, tafki ya ƙafe, ƙishirwa na neman kashe Kura. Sai ta ga Kwaɗo yana tona laka.

Ta ce, "Kai, ina za ka?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mu binne kanmu muke yi, sai ruwan farko ya tashe mu."

Kura ta kutsa cikin lakar, amma don haɗama ta bar kai waje, wai ko nama zai gifta. Laka ta bushe, ta riƙe ta gam.

Bunsuru na gefe yana ji. Ya matso, ya tsula mata fitsari a hanci, ya ce, "Inna, ga ruwan farko, tashi mana!"

Ƙurunƙus! Mai musu ya je ya shinshina hancin Kura.