Kwanon Shugaba a Bayan Sito

A kasuwar hatsi ta Gadarif, a ƙasar Sudan, an yi wani ɗan kasuwar riɗi mai suna Osman Ɗantsoho. Ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba, sahun farko kuma ba ya wuce shi a masallaci. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi kaya: Osman ba ya iya barin mutum ya ƙarasa maganarsa. Kana buɗe baki zai karɓe zancen, ya ƙarasa maka yadda ya fi yi masa daɗi, sannan ya tsaya jiran godiya. Idan kuwa ya ga kai mai rauni ne, to bakinka ya zama nasa ke nan, har da abin da bakin zai ci.

Lokacin shekarun nan ne da sukari sai da katin rabo na gwamnati, kowane taro sai an buɗe shi da kabbara, gemu kuma ya yi daraja. Osman ya tsayar da nasa har ƙirji, yana ta harin kujera a kwamitin unguwa. Abin da ya rage masa kawai shi ne a san shi da wani aikin alheri da za a riƙa ambata a taro.

A sitonsa akwai ɗan ƙanin mahaifinsa, Husain, mai shekara talatin da 'yan kai. An haife shi da jinkirin fahimta. Magana tana zuwa masa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, sai mai haƙuri yake jin ƙarshenta. Amma duk kasuwar babu wanda ya kai shi ɗinkin bakin buhu. Buhun da Husain ya bi da basilla zai je har tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a bayan lori, ko ƙwaya ɗaya ba ta zuba ba. Uwarsa Hajo ce ta damƙa shi a hannun Osman kafin ta rasu. Shekara tara ke nan yana wannan ɗinki, ladansa jallabiya biyu a shekara da abinci a wani lanƙwasasshen kwano, wanda ake miƙa masa a bayan sito, inda ake ɗaure jakin amalanke. Osman yana kiran wannan riƙon amana, kuma ko kunya ba ya ji.

Husain yana da abokai irinsa. Akwai Iliya mai dako, wanda ba ya iya kallon mutum cikin ido, da Zubaida mai tankaɗen riɗi, da wasu mutum biyar. Bayan la'asar sukan taru a gindin wata bishiyar dogon yaro, kuma abu ɗaya ne yake ci musu rai. Idan lokacin yankan riɗi ya zo, wakilan manyan gonakin Doka da Fau sukan shigo gari ɗaukar ma'aikata. Kowane ma'aikaci da shi ake ciniki, amma idan aka zo kansu sai wakili ya waiga ya ce, na wane ne wannan? Sai a nemo yayan mutum ko kawunsa a yi cinikin da shi, ladan kuma ya faɗa aljihunsa, kamar an yi hayar jaki.

Wata rana a wurin mai shayi Husain ya ji rediyo yana cewa wata ƙungiyar agaji a Khartum za ta tallafa wa masu lalura irin tasu. Sharaɗin shi ne su da kansu za su kafa ƙungiya, su shugabance ta, su faɗi abin da suke so da bakinsu. Ya kai labarin gindin dogon yaro. Ba su daɗe suna shawara ba, domin sun riga sun san abin da suke so: rakuba, wato rumfa, a filin ɗaukar ma'aikata, inda duk mai neman aikinsu zai zo ya tambaye su su da kansu.

Babu mai iya rubutu a cikinsu, saboda haka Husain ya kwana uku yana jera kalmomin a ransa, sannan ya tunkari Osman. Bai kai ga ambaton rumfa ba Osman ya karɓe zancen, yawunsa ya riga ya tsinke. A ranar ya rubuta takarda da larabci mai ƙyalli. Ya sa Husain a matsayin shugaba, ya sa kansa mai kula. Abin da ya roƙa kuwa injin ɗinke buhu ne, wanda za a girka a sitonsa. Mai karatu ya duba wannan rashin ta ido: da sunan Husain aka roƙi injin da zai raba Husain da sana'arsa.

Da Osman ya kama yatsansa zai dangwala a takardar, Husain ya ɗan ja hannu ya ce, "Yaya, ka rubuta... rakuba?"

"Na rubuta abin da ya fi rakuba, ya miskin. Dangwala."

Bayan wata biyu amsa ta zo cewa za a turo mutum ya gana da shugaba ido da ido kafin a saki tallafin. Osman ya tara su takwas ɗin a sito, ya kafa musu makarantar hadda. Sati guda yana biya wa Husain jawabi mai layi huɗu, uku na yabon Alhaji Osman gatan marasa gata, ɗaya na roƙon inji. Sauran kuma aikinsu su yi kabbara idan ya ɗaga gira. Zubaida ta tambaya yaushe za a zo maganar rumfa, ya ce mata baƙin Khartum ba su da lokacin shirme.

Ranar Alhamis baƙon ya iso. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta mai suna Ustaz Abdurrahim, siriri, mai ƙarancin magana. Husain ya miƙe cikin sabuwar jallabiya ya biya haddarsa, gumi yana zubo masa. Sau biyu ya tsaya, sau biyu Osman ya ƙarasa masa. Aka yi kabbara. Dattawan unguwa da aka gayyato suka gyaɗa kai, Osman kuwa har ya fara jin ɗumin kujerar kwamiti a jikinsa.

Da hantsi ya yi aka kawo fatur, wato karin kumallo, a babbar siniya, farantin da ake ci tare: wake da man riɗi, kisra ta garin dawa, miyar kuɓewa da soyayyen naman rago. A Gadarif ba a ajiye siniya a bar wani a tsaye. Ko baƙon da ba a san sunansa ba ne ya gifta, sai an kira shi, kuma Osman gwani ne a wannan. Ya leƙa titi ya rantsar da wani direban lori har sai da ya zauna. Amma shekara tara ta riga ta koya wa hannunsa wani abu. Ba tare da ya yi tunani ba ya kaɗa wa Husain yatsa, alamar ya zaga baya kamar kullum, abokansa kuma suka bi shi.

Aka zuba wa baƙo ruwa ya wanke hannu, amma bai kai shi cikin siniya ba. Ya ce ba zai fara ba sai shugaba ya zauna, tunda taron nasa ne. Nan Osman ya gane ɓarnar da ya yi. Da ya miƙe ya kirawo shi, da magana ta ƙare. Amma ya dubi dattawan unguwa, ya hango hannun Husain a cikin siniya ɗaya da nasu, sai ƙyama ta rufe masa ido. Ya yi murmushi ya ce, "Ai shugaba yana azumin Alhamis, ya Ustaz. Bismillah, itfaddal." Da wannan kalma ake kiran mutum cin abinci a can.

Ustaz ya yi loma biyu, ya ce zai kama ruwa, ya ɗauki buta ya zaga bayan sito. Can ya tarar da mai azumin a tsugune kusa da jaki, ya naɗe sabuwar jallabiyar don kada ta ɓaci. Shi da Iliya da sauran mazan suna kewaye da lanƙwasasshen kwano, a cikinsa ƙanzon jiya ne da ruwan miya. Su Zubaida suna gefe da nasu. Husain ya ɗago ya ga baƙo. Bai san wata ƙarya da aka yi da sunansa ba, abin da uwarsa ta koya masa kawai ya sani. Ya matsa gefe, ya nuna kwanon, ya ce, "Itfaddal."

Dattijon ya ajiye buta, ya tsuguna, ya sa hannu. Da shiru ya yi yawa Osman ya biyo sawu, dattawa suna bayansa. Ya tarar Husain yana magana, Ustaz yana saurare, bai tari numfashinsa ko sau ɗaya ba.

"Ba mu son... inji. Inji zai ci aikina. Muna son rakuba. Wanda yake son mu... ya zo ya tambaye mu. Ba Yaya ba. Mu."

Osman ya yi wuf ya ce, "Abin da yake nufi, ya Ustaz..."

"Na ji abin da yake nufi, ya Hajj," in ji dattijon, bai ko waiga ba. "Da bakinsa ya faɗa. Kuma na ga azumin."

Dattawan unguwa suka dubi kwanon, suka dubi jakin, suka nemi takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Siniyar naman rago ta huce a inda take. Kafin azahar labarin ya zaga kasuwa, daga rumfar masu dawa har layin maƙera. Ba injin ne ya tayar wa mutane da hankali ba, domin kasuwa ta saba da son kai. Abin da suka kasa haɗiyewa shi ne a ce mutum ya kira direban da bai sani ba kan siniya, ya tura jininsa wajen jaki, sannan ya lulluɓe abin da azumi. Maganar kujerar kwamiti kuwa, daga ranar babu wanda ya sake tayar da ita.

Ustaz Abdurrahim ya kwana biyu a gari. A gindin dogon yaro ya rubuta sabuwar takarda, yana karanta musu layi layi, su ce e ko a'a. Kafin damina ta ɗauke, rakuba ta tsaya a filin ɗaukar ma'aikata, Husain kuma ya kwashe basillarsa da tabarmarsa ya koma gidan su Iliya. Wakilan gonaki sun yi gunaguni da fari, amma riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, dole suka koyi tsayawa su saurara.

Kaka ta zo, sito ya cika. Osman ya ɗauki masu ɗinki biyu, lodin farko ya isa Bur Sudan da buhuna a farke, mai saye ya aiko masa da saƙo mai zafi. Ya yi kwana huɗu yana juya abin a ransa. A rana ta biyar da hantsi ya tafi rakuba, ya tarar suna fatur a siniya ɗaya, wasu wakilai biyu suna jira a kan benci. Ya tsaya a bakin rumfar cikin rana, ya ce yana neman mai ɗinki.

Husain ya ɗago ya fara magana. Kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, leɓen Osman yana rawa don ya ƙarasa, amma idanu suna kansa, dole ya haɗiye. Karo na farko ke nan a shekara tara da ya jira ƙarshen maganar ɗan'uwansa.

"Wannan satin... na yi wa wani alkawari. Sati mai zuwa zan zo. Ladana... a hannuna." Sai ya matsa gefe, ya buɗa masa wuri a bakin siniya. "Yaya, itfaddal."

Osman ya dubi wurin da aka buɗa masa. Bai zauna ba. Ya juya ya bi ta cikin rana ya tafi.

Darasin wannan labari a fili yake. Wanda magana take yi wa nauyi ba rasa abin faɗa ya yi ba, mai saurare ya rasa. Idan an ware tallafi domin masu irin wannan lalura su tsaya da ƙafarsu, to a miƙa shi inda suka nuna, a bar su su ƙarasa maganarsu ko da za a daɗe ana jira. Duk wanda ya karɓe bakin mai rauni yana cewa taimako yake yi, ya fara duba inda yake ajiye masa kwano. Mutumin da kake ƙyamar haɗa hannu da shi a siniya, ba ka da hurumin yin magana da sunansa.