Tubalin da Ba Ya Barin Saura

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa a Birnin Tsauni, duk bayan damina, unguwanni goma ke raba tubalin gyaran ganuwa. Amma wata shekara bakwai ke fitowa, wata tara, rabo ya ƙi yin daidai, a kaure da faɗa.

Sarki Barau ya gaji, ya ce a nemo masa adadin tubalin da zai rabu daidai, ko unguwa biyu ta fito, ko uku, har zuwa goma.

Waziri Makau ya ninka ɗaya da biyu, da uku, har goma. Ya ce, "Zaki, miliyan uku da ɗoriya."

Jatau, Sarkin Magina, yana wurin. Ramin da ake haƙar ƙasa yana bayan unguwarsu, ga kaburburan iyayensa a bakinsa. Haƙar ƙasar tubali miliyan uku za ta cinye su duka.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba bawa izinin labari."

"Kai da laka ka saba, yau kuma lissafi?" in ji Waziri.

Sarki ya ce, "Faɗi."

Jatau ya ce, "Wani farke ya je sayen igiyar awo. Ya zaɓi mai kamu biyu, da mai huɗu, da mai takwas. Tsohuwar da ke tufka ta yi dariya, ta ce, 'Ɗana, ɗauki ta takwas kawai. Lanƙwasa ta, ga huɗu. Ƙara lanƙwasawa, ga biyu.' Ranka ya daɗe, Waziri igiya uku ya saya. Takwas ta ƙunshi biyu da huɗu. Tara ta ƙunshi uku. Abin da ya rabu takwas da tara ya rabu shida. In ya rabu biyar kuma, ya rabu goma. Saura biyar, bakwai, takwas, tara. A ninka su: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin."

Sarki ya miƙe tsaye. "A yi su, in gani da idona."

Da tubalin ya bushe, aka jibge shi a ƙofar fada, gari ya cika. Aka kasa bakwai, kowane kashi ɗari uku da sittin, ba saura. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka kasa takwas, aka kasa tara, yara na tsalle, tsofaffi na ƙirgawa da ƙarfi. Jatau bai ɗauke ido daga kan tubalin ba sai da kashi na goma ya tashi ɗari biyu da hamsin da biyu, ƙasa fayau.

Waziri ya cire alkyabbarsa ya yafa masa.

Ganuwar ta daɗe da rushewa. Kaburburan suna nan, na Jatau a cikinsu. Masu hikima suka ce, kafin mutum ya nemi ƙari, ya duba abin da ke hannunsa, ko ya riga ya ƙunshi abin da yake nema.