Sarkin da Ya Nemi Mai Sa Masa Guba

An ce wani sarki ne, a wata ƙasa mai nisa, amininsa na ƙuruciya ya rasu, wanda shi kaɗai ke kiransa da sunan yanka. Tun daga nan fada ta yi masa faɗi. Ga al'ada ba a ganin sarki yana cin abinci, don haka babu wanda ya san ya daina ci. Sai ya rufe ƙofa ya sha giya cikinsa wayam, in ya fito ya hau ingarman da ba a hora ba. Fadawa kuwa, ka san su, kullum sai "Lafiya, zaki." Kaɗaici ya ci shi, ya rame.

Da ramar ta ƙi ɓoyuwa, aka ce guba ce, aka kama Tambai mai dafa masa abinci. Sarki ya san ba ruwanta, amma faɗin gaskiya ya yi masa nauyi, ya bari aka sa ranar kashe ta.

Sai wani tsoho mai hikima, ana ce masa Barmo, ya nemi ganinsa su biyu. Ya ce, "Ya sarki, wani ya sare itace da gatari rana ɗaya, wani kuma ya riƙa sassaƙe ɓawon nasa itacen har ya bushe. Wa ya kashe itace?"

Sarki ya ce dukansu.

"To, me na biyun yake so?"

Sarki ya ce, "Abin da na farkon yake so, sai dai bai faɗa wa kansa ba."

Tsoho ya dube shi, ba tsoro ba zargi, ya ce, "Ya sarki, so kake ka mutu?"

Ba a taɓa tambayarsa ba. Hawaye suka zubo masa, ya ce ba mutuwar yake so ba, zaman nan shi kaɗai ne ya ishe shi.

Nan take ya sa aka saki Tambai, ya nemi gafararta a gaban fada. Ya roƙi Barmo kada ya tafi, ya zauna su riƙa magana. Sarki ya ce, "Ashe rai ma talaka ne a hannun mai shi. Wanda ya zalunci ransa, da wuya ya yi wa wani adalci."