Garin da Alƙali Haliru Ya Ƙirƙira

An yi wani alƙali mai suna Haliru, mutum mai sanyin magana da zafin lura. A zamaninsa wuta ta cinye rumbunan wani ƙauye. Tun toka ba ta huce ba jarida ta buga cewa makiyaya ne, aka kamo Arɗo Bammi, shugaban rugar da ke bayan ƙauyen. In laifin ya tabbata, sauran kwanakinsa a gidan yari zai yi su.

Shaida ɗaya ne tak, Ilu ɗan jarida, wanda ya rantse cewa a kan idonsa aka yi. Alƙali ya dubi takalmin Ilu, fes, ga shi ana tsakiyar damina, bai yi kama da wanda ya taka hanyar ƙauye ba. Sai ya ɗage shari'a kwana uku. Sannan ya aiki masinjansa tasha, ya ce ya zauna wurin mai shayi ya ambata cewa an yi rikici a Kwarin Gawasa, kada ya ƙara ko kalma.

Ran shari'a jaridar na kan tebur: makiyaya sun afka wa Kwarin Gawasa, mutum bakwai sun mutu.

Alƙali ya ce, "Malam Ilu, nan ma ka je?"

"Allah gafarta Malam, da ƙafata. Har gawa na ƙirga."

"Sannu da ƙoƙari. To tashi ka kai mu, mu yi musu ta'aziyya."

Ilu ya hau share gumi.

Alƙali ya ce, "Zauna. Babu Kwarin Gawasa a ƙasar nan, ni na raɗa sunan ina alwala. Rikici kawai na ce. Makiyayan da gawawwakin daga aljihunka suka fito, domin labarin a rubuce yake tuntuni, sunan gari kaɗai kake jira. Arɗo, tafi gida."

Kotu ta ɗauki kabbara. Alƙali ya ji daɗi har cikin ransa, amma daɗin bai kai azahar ba. Ashe tun da safe samarin ƙauyuka sun ji ana karanta labarin mutum bakwai a kasuwa, suka ɗau gora da fetur suka nufi ruga.

Da la'asar Arɗo ya dawo ƙofar kotu, rigarsa duk toka. Ya ce, "Malam, ka wanke ni, na gode. Amma garin nan naka da babu shi, 'ya'yana biyu ya ci."

Washegari jarida ta kira abin ramuwar gayya, hukuncin kuwa ko layi ɗaya bai samu ba. Haliru bai ƙara zama kujerar shari'a ba.

Ka ji, ɗan'uwa: inda aka riga aka yanke wa mutane laifi, ko tarkon da ka ɗana wa maƙaryaci su zai fara kamawa.