Muryar Malam Ilu a Diski Biyu

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don yau sai kun raba mini gardama. Labarin 'ya'yan yayana ne, marigayi Malam Ilu na Malumfashi, kuma ba na ɓoye muku, ina taƙama da yaran nan.

Malam Ilu ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keke, yana bin ƙauyuka yana ɗaukar waƙoƙin gayya da kirarin maƙera a kaset, yana tambayar tsofaffi suna ba shi labari. Bayan rasuwarsa aka juye kaset ɗin duka a kwamfuta. Da damina ta zo rufin ɗaki ya yi yoyo, kwalin kaset ya jiƙe sharkaf, ba a tsira da komai a cikinsa ba. Tun daga ranar babu inda muryarsa ta rage sai cikin kwamfutar nan.

Jazuli, babbansu, shi ya haɗa ta da hannunsa daga tsofaffin kayan da ya tsinto a kasuwa. Kwamfuta ɗaya ce, amma ya raba cikinta ta zama uku, kamar gida mai sassa: sashen aikinsa, sashen ƙannensa, da sashen muryar mahaifinsu. Duk kuwa a kan diski ɗaya suke zaune, wato faifan da ke riƙe da ajiya. Abin ya hana shi sukuni. Ya sayo na biyu ya haɗa su, duk abin da ya shiga wannan sai ya shiga wancan. Ni kaina na yi masa tsiya. Na ce, "Kai Jazuli, ka ƙara diski amma wuri bai ƙaru ba, wace irin dabara ce wannan?" Ya ce, "Baffa, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan." Aiki ya kai shi Fatakwal, ashe bai daɗe da tafiya ba diskin farko ya mutu. Ba don na biyun nan da na yi wa dariya ba, da labarin ya ƙare a nan.

Sai Rumasa'u, mai bi masa. Illar wannan haɗi ita ce, in diski ɗaya ya mutu kwamfuta ba ta tsayawa, ba wanda zai sani. Ita kuwa tela ce, a gefen kwamfutar take ɗinki, kunnenta ya saba da kukan inji. Ta ji wani ƙas-ƙas da ba ta san shi ba, ta kira yayanta. Ya ce tunda tana aiki a bari sai ya zo Sallah. Ina! Rumasa'u akwai naci, wallahi ta fi ƙuda. Ta dame shi da waya har ya duba daga can ta intanet, sai ga shi ɗaya ya mutu tuni, mai kukan nan shi ne wanda ya rage. Ashe tsofaffi ne su biyun, tsara ɗaya. Nan take ta kashe kwamfutar, ta kulle ɗakin, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Ƙaninta ya yi ta masifa yana son kallon ƙwallonsa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ƙanin nan shi ne Nafi'u, direban adaidaita sahu, mai zuciya a kusa. Jazuli ya aiko da sabon diski a mota, ya yi musu bayani ta waya: juye ajiyar daga tsohon diskin zuwa sabon zai cinye yini, kuma kada a kuskura aikin ya yanke, don in mai ciwon nan ya tsaya ba lalle ya sake tashi ba. Rana na take tsaka aka ɗauke wuta. Batirin gida da ke riƙe da kwamfutar ya fara kukan ƙarewa, janareton maƙwabci ya ƙi tashi. Nafi'u ya fita ya ɓalle batirin adaidaitarsa ya jona, ya sheƙa tasha ko takalmi babu, ya riƙa ɗauko na abokansa a ka, wannan na yin sanyi yana jona wancan. Gab da la'asar juyewa ta kammala. Tsohon diskin ya yi ƙas sau ɗaya, bai sake motsi ba.

Da Jazuli ya zo gida aka kunna wa mahaifiyarsu, Yaya Asabe, muryar. Ta ji mijinta ya yi gyaran murya yana gaida wani maƙeri, ta yi kuka, ni ma na share hawayena da hannun riga. Can ta shiga ɗaki ta fito da kaset ɗaya da ta ɓoye a ƙasan akwatinta, ko ni ban san da shi ba. Waƙar daka ce da ta yi tana amarya, Malam Ilu ya ɗauka yana yi mata dariya. Ta ce, "Wannan ba na jama'a ba ne. Mutum ɗaya zan damƙa wa, wanda ya ceto mini muryar babanku." Ta juyo ta miƙo mini shi, ta ce in zaɓa.

Har yau kaset ɗin yana aljihuna, kuma duk safiya sai ta aiko tambaya. To, ku da kuke ganin kun fi ni wayo, Jazuli, Rumasa'u ko Nafi'u, a hannun wa zan sa shi?