Randa Mai Zufa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi kyau mu taya.

To, ku gyara zama. A wani gari, can inda mutane da dabbobi suke cin kasuwa ɗaya, an yi wata mai fura, sunanta Yalwa. Furarta babu laifi, amma ba da fura aka san ta ba, da ciniki aka san ta. In Yalwa ta taya kayanka, sai ka koma gida kana tambayar kanka, shin sayarwa ka yi ko ƙwace aka yi maka. Kullum maganarta ɗaya: "Tun da uwata ta yaye ni, ba a taɓa cuta ta a kasuwa ba." Ni dai ban ga laifinta ba. Wanda ya bari aka cuce shi, shi ya so.

Kasuwar nan tsamiya ɗaya gare ta, ita ce inuwar kasuwa duka. Al'adar garin kuwa, duk wanda ya zauna a gindinta, sai ya ajiye ruwan sanyi, mai wucewa ya sha kyauta. Ranar da ruwanka ya daina sanyi, ranar za ka naɗe tabarmarka. Kakar Yalwa ta zauna nan, uwarta ta zauna, ga Yalwa, duk da randa ɗaya. Randar ta tsufa ta yi baƙi, rabinta a binne cikin yashi. Yashin nan kullum a jiƙe yake, Yalwa kuma kullum tana yi wa masu sha faɗa, wai bakinsu yoyo yake. Kun kuwa san mai fura in ta rasa inuwa da bazara, kafin azahar nono ya tsinke, fura ta yi tsami, sai dai a zuba wa kaji.

Sai wata rana, bazara ta kai bazara, bunsuraye biyu suka kaure da faɗa. Ɗaya ya ja da baya, ya taho da gudu, ya kuskure ɗan'uwansa, ya sami randa. Randa ta dare biyu.

Akwai Kurege mai gyaɗa, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan inuwar nan. Kafin ƙasa ta gama shanye ruwan, har ya isa gaban Sarkin Kasuwa. Sarkin Kasuwa kuwa wani tsohon Raƙumi ne, bai cika shan ruwa ba, amma in ya sha ya san abin da ya sha.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, babu randa, babu inuwa. Haka muka gada."

Yalwa ta ce, "Kai da Allah ya ɗaura maka laima a gindi, me za ka yi da inuwa?"

Raƙumi ya yi tuƙa, ya yi tuƙa, sannan ya ce, "Kasuwa mai zuwa, rana tsaka, kowa ya kawo ruwansa. Wanda nasa ya fi sanyi, tsamiya tasa ce."

Kasuwa saura kwana huɗu.

Sai Yalwa ta ɗaura ɗamara ta nufi gidan Zanzaro, maginin tukwanen garin, mai siririn ƙugu. Ta iske randa ɗaya ta rage masa gasasshiya. Ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, randa ta amsa ƙwal. Ran Yalwa ya yi fari, amma ta yatsine fuska.

Ta ce, "Wannan abar fa?"

Ya faɗi kuɗinta.

Ta ce, "Randa na tambaya, ba gidanka ba." Ta taya.

Ya ce, "Albarka."

Ta ce bakin randar a karkace yake. Ta taya.

Ya ce, "Albarka."

Ta gyara ɗankwali ta juya, har ta kai bakin zaure. Ya ce, "Dawo, Yalwa. Na sallama, don darajar uwarki."

Ta ce, "Gyara fa?" Ya ɗora mata moɗa. Sannan ya ce, "Tsaya in gaya miki halin sabuwar randa."

Ta ce, "Ni za ka koya wa randa? Tun kana ƙwai muke da randa a gidanmu." Ta ɗauka ta tafi.

Ta wanke randa, ta cika ta, ta ajiye a tsakar gida. Gari ya waye, ta fito, sai ta ga jikin randa sharkaf, yana tsattsafo kamar goshin mai daka. Ƙasa ta yi laima. Ta leƙa ciki, ruwa ya ragu da yatsa biyu. Ta goge randa da tsumma, randa ta sake jiƙewa. Ta goge, ta sake. Ta goge na uku, ta sake.

Yalwa ta zauna daɓas. Ta ce a ranta, "Yau an cuce ni." Ta koma gun Zanzaro? Ina, ai gari zai ji. Don haushi ko kurɓar ruwan ba ta yi ba.

Tana nan zaune sai ga Kurege, wai ya zo jaje. Ya ɗauki moɗa ya kamfata, ya kurɓa. Sanyi ya ratsa masa haƙora har ƙwaƙwalwa. Sai ya haɗiye, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Ayya, Yaya Yalwa, wa ya sayar miki da rariya?"

Ta ce, "Rufa mini asiri, rage murya."

Ya ce, "Duk da abin da ke tsakaninmu, ba na so a yi miki dariya. Ina da garwa sabuwa fil, ko ɗigo ba ta zubarwa. Mu yi musaya, ni na zuba ƙanzo a wannan."

Ya kawo garwa. Tana walƙiya, har Yalwa ta hango fuskarta a jiki. Zuciyarta ta ce karɓi, bakinta ya ce, "Sai ka ɗora mudun gyaɗa." Kurege ya yi kuka, ya rantse an kashe shi, ya ɗora. Ya kinkimi randa yana layi. Yalwa ta bi shi da kallo tana murmushi, ta ce, "Cutar da aka yi mini, na sauke ta a kan wani."

Ta cika garwa, ta kai inuwa. Da rana ta yi tsaka ta kurɓa, sai ta furzar. Ruwa kamar na wankan jego. Ta rufe da faifai, bai yi ba. Ta kai ƙuryar ɗaki, bai yi ba. Ta tura ƙarƙashin gado, nan ma bai yi ba. Kasuwa saura kwana biyu.

Sai ta yafa mayafi ta fita neman dabara. Ta iske Kare kwance a gindin rumbu, harshe a waje, yana haki.

Ta ce, "Sannu da hutawa. Wata maƙwabciyata ce ta aiko ni. Wai yaya ake sa abu ya yi sanyi a zafin nan?"

Kare ya ce, "Ga shi kina gani. Mu ba ma zufa a jiki irin taku, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Shi ya sa nake fito da harshe a jiƙe. Iska ta bi ta kai, ta kwashi yawu, ta tafi da zafi."

Yalwa ta ce, "Wato in ce mata ta zauna tana lasar garwa?" Ta yi tsaki ta wuce.

Ta isa bakin rijiya, ta ga ƙudan zuma sun yi layi a kan taɓo suna tsotsar ruwa. Ta tare babbarsu.

Ta ce, "Sannunku da aiki. Wata maƙwabciyata ce ta aiko ni. Wai yaya ake sa abu ya yi sanyi a zafin nan?"

Zuma ta ce, "Abin da ya fito da mu ke nan. In zafi ya yi yawa, saƙarmu narkewa take, 'ya'yanmu su mutu. Sai mu ɗebo ruwa mu yayyafa a cikin amya, mu jeru a ƙofa muna kaɗa fiffike. Ruwa ya bushe, ɗaki ya yi sanyi."

Yalwa ta ce, "Ku sha wahalar ɗebo ruwa don ya bushe? Da ni ce uwarku da na hana ku wannan asara." Ta yi tsaki ta wuce.

Ta zaga gari, ta zago, ƙafa ta ƙi kai ta ko'ina sai ƙofar Zanzaro. Ta iske shi yana kwaɓa yumɓu.

Ta ce, "Sannu da gini. Wata maƙwabciyata ce ta aiko ni."

Ya ce, "Ita ma Yalwa ne sunanta?"

Ta kau da kai tana gyara mayafi.

Ya ce, "Na ga randata ta wuce a kan Kurege. Tsoma hannunki ɗaya a kaskon ruwan nan, ki ɗaga su duka biyu sama."

Ta tsoma, ta ɗaga. Iska ta ɗan kaɗo.

Ya ce, "Wanne ya ji sanyi?"

Ta ce, "Jiƙaƙƙen."

Ya ce, "To. Ke 'yar kasuwa ce, kin taɓa ganin an ba da kaya mai kyau a banza? Iska ma 'yar kasuwa ce. Sai kin ba ta ruwa kaɗan, sannan ta ɗauke miki zafi. Jikin randa duk ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani. Ruwa ya tsattsafo, iska ta sha, na ciki ya yi sanyi. Haka jikinki yake yi in kina daka. Yatsa biyun da kika yi wa kuka, ladan iska ne. Yashin gindin randar uwarki, wa kike tsammani yake jiƙa shi?"

Yalwa ta tuna mutanen da ta yi shekaru tana yi wa faɗa a kan yashin nan. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sayar mini da wata."

Ya ce, "Duk ɗanyu ne. Sai sun bushe a inuwa kafin su ga wuta. In na gasa su yau, fashewa za su yi."

Ta ce, "Garwa kuma ba ta zufa."

Ya ce, "Sai dai a ara mata. Auduga mai kauri, mai riƙe ruwa."

Yalwa ta koma gida ta buɗe adaka. Auduga mai kauri guda ɗaya ce a gidan: zanen saƙin uwarta, baƙi wuluk, wanda take ɗaurawa ranar da take so kasuwa ta san ta zo. Shi ta yi niyyar ɗaurawa ran kasuwa, don Kurege ya gani ya mutu. Ta ɗauko, ta mayar. Ta ɗauko, ta mayar. Na uku ta tsoma shi a ruwa.

Ran kasuwa, tun da hantsi, aka ga Yalwa da wani tsohon zane mai maho a gwiwa. Garwa kuwa ta sha saƙi har wuya, tana rataye a reshen tsamiya inda iska take wucewa. In zane ya fara bushewa, Yalwa ta yayyafa masa ruwa.

Mai daddawa ta ce, "Yalwa, garwar ce za ta biki aka bar ki tsaron gida?"

Mai kuka ta ce, "A'a, baiwarta ce, ba ki ga tana yi mata wanka ba?"

Maganganu goma suka zo wa Yalwa baki. Ta haɗiye su duka, ta ci gaba da yayyafi.

Rana ta yi tsaka, sai ga Kurege da randa, tana sheƙi kamar goshin amarya. Shi ya san randar tana da sanyi, amma bai san daga ina sanyin yake zuwa ba. Ga shi da rowa. Da ya ga ruwa yana raguwa kullum, sai ransa ya ƙi. Ya ɗebo man gyaɗa ya shafe ta ciki da waje, ya toshe duk ƙofofin. Ruwa ya daina raguwa, shi kuma don kada ya rage da kansa, bai sake kurɓa ba.

Raƙumi ya zo, ya sunkuyar da dogon wuya cikin randa. Ya kurɓa. Ya ɗago a hankali, mai yana naso a leɓensa.

Ya ce, "Kurege, ina tuwon? Na ga ka kawo miya."

Kasuwa ta kwashe da dariya.

Aka sauko da garwa. Raƙumi ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya ƙara. Ya ƙara, har sai da gindin garwa ya yi ƙara. Sannan ya ce, "Tsamiya ta Yalwa ce. A kawo mini fura."

Kurege ya ja tiren gyaɗarsa zuwa tsakiyar rana. Zafi ya dame shi, ya ɗaga bindinsa ya rufe kai. Shi ya sa har yau in kun gan shi a fili da rana, bindi a sama yake.

Da tukwanen Zanzaro suka gasu, Yalwa ta je ta sayi randa. Ta taya sau uku, ta juya har bakin zaure, ta karɓi gyara, don hali zanen dutse ne. Amma da ya ce, "Tsaya in gaya miki," sai ta tsaya.

Mai daddawa ta taɓa tsokanar ta, ta ce, "Yanzu dai kin yarda Kurege ya cuce ki?"

Yalwa ta yayyafa ruwa a yashin gindin randa, ta ce, "Wa? Ni? Na ba shi randa, na karɓi garwa, na ci gyaɗarsa, ga ni a inuwa. Leƙa can ki ga inda yake."

To kun ji. Ba duk abin da ya ragu ne asara ba. Wanda ya hana iska rabonta, ruwan zafi zai sha. Kuma in mai sana'a ya ce tsaya in gaya maka, ka tsaya, wannan ita ce gyarar da ta fi moɗa.

Ƙurunƙus kan kurege. Yadda na saye ta haka na ba ku, ban ci ribar kowa ba.