Gizo da Gara a Bakin Ramin da Ke Haɗiye Haske

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Wani rami ne a dawa, kome ya matso sai ya janye shi, ko haske ya shiga ba ya fitowa. Zaki ya ce a gano masa abin da ke ja, da abin da aka yi duniya da shi.

Gizo ya ce, "Ranka ya daɗe, zare ne siriri, yana kaɗawa kamar tsirkiyar garaya. Kowane amo da abin da yake haifarwa."

Gara ta ce, "Ina! Ni maginiya ce. Ko sararin da babu kome, ƙwaya-ƙwaya aka jera shi, kamar suri."

Zaki ya ce wanda ya kuskure na Kura ne.

Gizo ya saki zare ya sauka cikin ramin don ya gani. Gara na bakin rami, sai ta ga dutse yana cin zaren. In ta yi shiru, ta ci gardama. Ta dubi zaren nan, ta ce a ranta, kai, wannan gwani ne! Nan da nan ta kwaɓa laka ta shafe kaifin dutsen.

Gizo ya bi zarensa ya fito da ƙyar yana haki, bai ga ƙarshen rami ba.

Kura ta ce, "Ke, kin ɓarar mini da kalaci!"

Gara ta ce, "In ya halaka, wa zai nuna mini inda ginina ya karkace?"

Gizo ya ce, "Na gode, 'yar'uwa. Amma fa zare ne."

Ta ce, "Ƙwaya ce!"

Har yau suna bakin ramin, Kura na haɗiyar yawu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.